Daren da Fitilar Tanjung Selasih Ta Mutu

Kwano ne ya fara haɗa Walida da Makcik Rokiah, wata tsohuwa maƙwabciyarta. Satinta biyu ita da mijinta da tarewa a hawa na tara na wani dogon bene a Sentul, cikin Kuala Lumpur, Walida ta soya ƙosai ta miƙa wa ƙofar da ke kallon tasu, don haka ake yi wa maƙwabci a gida. Da yamma kwanon ya dawo cike da soyayyiyar ayaba. Ta sake aikawa, ya sake dawowa da wani abu. Daga baya tsohuwar ta gaya mata cewa su a wajensu ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam, ko sukari ne sai an zuba cokali guda. Shekara uku kwanon nan mai tsaguwa a baki yana tsallaka baranda, kuma a bakin Makcik Walida ta koyi Malayanci, na kasuwa da na kicin, wanda ya isa a yi ciniki a kuma yi gulma.

Mijinta Alkasim malamin tarihi ne a wata jami'a a gida, ita ta turo shi yin digirin dakta. Kullum da safe yakan bi jirgin ƙasa da bas zuwa makarantarsa da ke Jalan Semarak. Abin da yake rubutu a kai shi ne wata tsohuwar hasumiyar fitila da ke bakin teku a Tanjung Selasih, tafiyar awa uku daga Kuala Lumpur: dogon farin gini a kan dutse, da fitila a samansa tana juyawa duk dare don masu jirgin ruwa su san inda duwatsu suke. 'Yan uwansa ɗalibai sun sha tsokanarsa, wai mutumin Funtua da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Mairuwa ba shi ne zai koya wa mutanen teku tarihin fitilarsu.

Ya san shekarar da Turawa suka gina ta, da jirgin da ya kawo gilashinta, da lokacin da aka bar man kwakwa aka koma kananzir, da lokacin da lantarki ya zo aka sallami masu gadi. Duk ya rubuta. Sufabaizarsa, wata farfesa mai ƙarancin magana, ta karanta babi huɗu ta mayar masa, ta ce gini ya rubuto mata, ina mutanen? Saura wata bakwai bizarsu ta ƙare. Jami'arsa ta gida ta rubuto sau biyu tana tuna masa cewa hutun karatunsa ya zo ƙarshe. Kuma ba za a bar shi ya kare kundinsa ba sai ya buga wani sabon abu a mujallar ilimi.

Wata rana Walida ta kawo masa shayi, idonta ya faɗa kan hoton da ke fuskar kwamfutarsa.

"Baban Khaulah, ƙofar nan na san ta."

"A ina? A unguwarku Kwarbai?"

"Yi ta ba'arka, Dakta mai jiran gado. Hotonta yana rataye a falon Makcik, da babanta tsaye a bakinta."

Alkasim ya ajiye kofin bai kurɓa ba.

Haka abin yake kuwa. Pak Seman, mahaifin Makcik Rokiah, ya yi gadin fitilar Tanjung Selasih shekara ashirin da shida. Da Walida ta tambaya, tsohuwar ta lalubi bango ta shiga ɗaki, don ciwon suga ya daɗe da cinye mata ido, ta fito da gwangwanin biskit naɗe a zanen batik. A ciki akwai littafi mai baƙin bango wanda mahaifinta ya cika da rubutun hannu, da ajaminsu da suke kira Jawi. Uwarta ta kulle shi har ta rasu. Sanda ya zo hannun Makcik ba ta gani. Ɗanta da jikokinta kuwa boko kaɗai suka iya.

"An ce in kai wa ustazu," in ji ta. "Ban so baƙon namiji ya buɗe min cikin ubana ba."

Walida ta buɗe shafin farko don kallo kawai, sai ta ji bakinta ya kama. Ita 'yar malami ce daga cikin birnin Zariya, a zauren ubanta ta yi allo, a wajen kakarta ta koyi karanta waƙoƙin wa'azi na ajami. Baƙaƙen su ne dai. 'Yan kaɗan masu ƙarin ɗigo ne suka ba ta wuya, su ma Makcik ta zana mata su da yatsa a tafin hannu ta faɗa mata sautinsu. Ta karanta layi uku da ƙarfi. Tsohuwar ta kama gwiwarta ta ce, "Haka yake magana. Wallahi haka yake magana."

Walida ba ta iya karatun ajami a zuci ba. Ubanta ya koyar da su cewa baki ke fara tafiya, kai ya biyo baya. Yakan ce ki fitar da harafi daidai tukuna, ma'ana za ta tarar da ke a hanya. In ta gwada yin shiru sai baƙaƙen su watse mata. Saboda haka a zaune take karantawa, ƙafa a lanƙwashe, tana ɗan rausaya da rera muryar allo, ba ta tsayawa sai ƙarshen shafi. Malayancin Pak Seman kuma tsoho ne, na mutanen bakin ruwa, rabinsa ba ta fahimta sai Makcik ta warware mata.

Alkasim ya kawo takardar jami'a ta neman izini, aka karanta wa tsohuwar, ta sa hannu tana dariya, ta ce boleh, wato ta yarda, ai ubanta zai ji daɗi ya shiga littafin farfesoshi. Shi ba ya shiga gidan. Duk Talata da Alhamis bayan la'asar yakan ba Walida wayarsa ta ajiye a kan tabarma tana naɗar murya.

Sati biyar suka yi a haka, kuma Walida ba ta tuna wani lokaci da ta ji daɗin ƙasar nan kamar su ba. Littafin cike yake da ƙananan abubuwa. Matakala ɗari da tara. Nauyin ƙarfen da ke juya gilashi, wanda sai an murɗa sarƙarsa zuwa sama duk bayan awa huɗu. Tsuntsayen da ke karo da gilashi a lokacin ƙaurarsu, da safe a tsince su a ba kyanwa. Baturen da ke zuwa duba aiki yana goga farin hankici a jikin tagulla. Faɗan da Pak Seman ya yi da matarsa Timah a kan akuyar da ta cinye masa takardar rahoto. Makcik takan yi dariya har hawaye, ta ce wa Walida, "Makan, ci abinci tukuna, 'yata, makogwaronki ya bushe." Alkasim kuma ya fara cin abinci da kyau. Farfesa ta ce yanzu an fara ganin mutum, amma har yanzu babu abin da mujalla za ta ɗauka.

Ranar Talatar sati na shida, rubutun ya canza. Ya ƙanƙance, ya matse, babu sarari tsakanin layuka. Walida ta gyara zama ta kama. Ta ji kalmomin da ta sani suna wucewa ta bakinta, ruwa, gada, jariri, bakwai, amma ba ta tsaya haɗa su ba, don ba a tsayawa a tsakiyar shafi. Ta rera shi tsaf har ƙasa, tana ma jin daɗin yadda ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ta ɗago, Makcik ba ta dariya. Hannunta na kan cinyarta a buɗe.

"Sake faɗa min kwanan watan."

"Tara ga Yuni, dubu ɗaya da ɗari tara da hamsin da ɗaya."

"Ranar aka haife ni," in ji Makcik.

Sai a lokacin ma'anar ta tarar da Walida. Ta koma kan shafin da ido da leɓe, a hankali, tana tambayar kalma ɗaya ɗaya, tsohuwar tana ba ta amsa kamar mai magana daga cikin rijiya. Ga abin da Pak Seman ya rubuta:

Abokin aikina yana asibiti a gari, ni kaɗai ne. Bayan isha'i naƙuda ta kama Timah, jaririn ya zo a gicciye. Na cika kananzir, na murɗa sarƙa, na ce awa ɗaya ta ishe ni in ɗauko ungozoma. Ruwa ya cinye gada, muka zagaya ta gonar roba, na yi awa biyar. Da muka fito daga cikin itatuwa na hango hasumiya baƙa ƙirin. Na kunna ta kafin asuba. Da safe teku ta kawo gawa bakwai. Ƙauye yana bayan tudu, hadari kuma ya rufe ko'ina, ungozoma kaɗai ta gani, ta kuma riƙe. Bature ya tambaye ni, na rantse fitila ba ta mutu ba. Aka ce Jusoh mai tuƙin jirgi ne ya yi barci. Na yi shiru. Mace aka haifa, na sa mata Rokiah. Duk sanda na ɗauke ta nauyin mutum bakwai nake ji.

 A ƙasa jirgin ƙasa ya wuce, tagogi suka ɗan girgiza.

"Ƙannena duk ya hau da su sama a kafaɗarsa," in ji Makcik. "Ni ban taɓa ganin fitilar nan kusa ba. Na ɗauka don ni mace ce." Ta juyo da fuskarta wajen tabarma. "Abin nan yana ji?"

"Yana ji, Makcik."

"Kashe shi. Ki goge. Jikokina duk shekara suna zuwa su ɗauki hoto a gaban sunansa a jikin hasumiyar. Rantse min, 'yata."

"Wallahi ba zai fita ba."

Walida ta san lambar buɗe wayar. Daga ƙofar Makcik zuwa tata taku shida ne, kuma da ta tsaya a taku na uku ta danna, da magana ta ƙare. Amma shekara goma sha ɗaya da aure ba ta taɓa goge ko da saƙon talla a wayar mijinta ba tare da ta tambaya ba. Haka ta ga uwarta tana yi da takardun ubanta, ko iska ta watsa su sai dai ta danne da dutse ta jira shi. Don haka ta kai masa wayar, ta ce akwai abin da za a goge. Ya ce me ya sa? Ita kuma ta gaya masa dalili, duka, don ya gane girman abin.

Ya gane. Ta ga fuskarsa ta yi wani haske kafin ya yi saurin danne shi.

"Allah ya jiƙansu," ya ce. Ya daɗe yana juya wayar a hannu. "Walida, kin san abin da ke rubuce a allon da aka kafa a gindin hasumiyar nan? An ce jirgi ya nitse saboda sakacin mai tuƙi. Shekara saba'in da uku ke nan."

"Na rantse mata."

"Ke kika rantse. Ni ta sa min hannu a takarda."

"Ta sa hannu a kan akuya da tsuntsaye. Ba ta san da wannan ba."

"To shi Pak Seman fa? Me ya sa ya rubuta? Wanda yake son abu ya mutu ba ya rubuta shi ya adana a gwangwani."

"Ƙila tsakaninsa da Ubangijinsa ya rubuta."

"Ubangiji ba ya buƙatar Jawi."

"Baban Khaulah, kada ka yi min wayon 'yan boko. Wanda ya rufa asirin ɗan uwansa, kai ma ka san ƙarashen."

"Na sani. Asirin wa aka rufa, aka kuma tona na wa? Shi Jusoh ba Musulmi ba ne?"

Sai ta ce, "Da Farfesa ta karɓi babinka huɗu, da yau ka damu da Jusoh?"

Wannan ta shige shi. Ya tashi ya tsaya a taga, ya ce ba zai goge ba, ba zai kuma hana ta ba. Abu ɗaya yake roƙo: ranar Asabar ta bi shi Tanjung Selasih ta gani da idonta. In sun je, wayar tana hannunta, abin da ta ga dama shi za a yi.

Suka bar Khaulah wajen Bintu, matar wani ɗalibi ɗan Gombe, suka ari mota. Walida ba ta taɓa zuwa ba. Hasumiyar ta fi ƙanƙanta a kan yadda ta zana ta a ranta, fentinta yana ɓarewa, ƙofarta a garƙame da kwaɗo. Babu mai gadi yanzu, fitilar da kanta take kunna kanta. Birai sun cika shingen, wani ya fizge wa wata yarinya leda. A jikin bango akwai allon tagulla da sunayen masu gadi a jere, Walida ta ga Seman bin Daud a na tara, wurin ya fi sauran sheƙi don yawan shafawa. Gefensa ga ɗaya allon, mai labarin jirgin. Alkasim bai karanta mata ba. Ta karanta da kanta, wannan da boko aka rubuta shi, a zuci.

Maƙabartar tana gangare, tsakanin itatuwan kwakwa. Kabari shida a jere, duwatsunsu naɗe da farin ƙyalle sabo, an share tsakaninsu. Na bakwai yana can jikin shinge, ciyawa ta kai gwiwa, dutse ɗaya ya kwanta.

"Iyalan shidan ne suka ƙi a binne Jusoh kusa da nasu," in ji Alkasim. "Tun bara wani tsoho a kedai, shagon shayin can, ya ba ni labari. Matarsa waina take sayarwa, aka daina saye. Ta kwashi 'ya'ya uku ta bar garin. Akwai jikansa ɗaya a Klang yana tuƙa tasi, in an tambaye shi garinsu sai ya faɗi wani gari." Ya buɗe wayar, ya nemo muryar, ya ɗora mata a hannu. "Ga shi. Goge. Amma a nan."

Ya koma gefe ya ba ta baya.

Walida ta tsaya da wayar. Ta ga tsawon muryar, minti arba'in da ɗaya, da ɗan hoton kwandon shara a ƙasa. Ta tuna matar Jusoh zaune gaban tiren waina mutane suna wucewa. Ta tuna hannun Makcik a buɗe a kan cinya. Kuma a cikin wannan tunanin, ba tare da ta gayyace su ba, wasu abubuwa suka shigo suka zauna: wasiƙar jami'a da ke ƙarƙashin katifa, da filin jirgin Kano, da fuskar yayar Alkasim in ta ji shekara huɗu sun tafi a banza, da makarantar Khaulah. Ta yi ƙoƙarin ta ware su, ta ajiye Jusoh daban, biza daban, ta auna kowanne shi kaɗai. Suka ƙi rabuwa. Rana ta dake ta, tururuwa suka hau ƙafarta. Ta durƙusa ta tayar da dutsen da ya kwanta, ta karanta fatiha, sannan ta je ta taɓa kafaɗar mijinta ta miƙa masa wayarsa yadda ya ba ta.

A hanyar dawowa suka wuce gonakin kwakwar manja suka hau babban titi. Alkasim yana ta satar kallonta. Shi mutum ne da ba ya iya ganin mace cikin damuwa bai nemi magani ba, wannan na cikin abin da ya sa ta so shi.

"Maman Khaulah, kada ki ɗora wa kanki. Ba laifinki ba ne. Ko da kin goge ma, tun ranar Laraba na tura wa Farfesa."

Ta juyo ta dube shi.

"Don kada ya ɓata ne kawai," ya ce. "Da kin goge, wallahi da na roƙe ta ta bar shi."

"Da ta bari?"

 Ya ƙara gudun mota kaɗan.

Ta mayar da fuskarta taga. Da bai gaya mata ba, da aƙalla ta san ta sayar da rantsuwarta a kan wani abu. Yanzu ta gane an riga an yanka akuyar tun Laraba, aka kawo ta ranar Asabar don ta sa hannu a wuƙa. Kuma ta sa. Ba za ta iya zuwa gaban Makcik ta ce ba a hannunta abin yake ba, don a ganinta a hannunta yake sanda ta tsaya a kan kabarin, kuma ta zaɓa.

Alkasim ya ce ta bari sai takardar ta fito, za a canza sunaye. Ta ce masa mai gadi ɗaya ne a daren, kuma sunansa yana jikin tagulla. Ranar Talata bayan la'asar ta yi waina, ta zuba a kwanon mai tsaguwa, ta ƙwanƙwasa.

Makcik ta rame a cikin sati ɗaya. Gwangwanin biskit yana kan tebur, ba a naɗe ba. Walida ta ajiye kwanon, ta zauna a ƙasa inda ta saba zama, ta faɗi komai ba ta rage ba: taku shida, da kabarin jikin shinge, da wayar a hannunta, da maganar cikin mota. Malayancinta ya yi ta karyewa, ta ci gaba a haka.

Tsohuwar ta saurara har ƙarshe.

"Kabarin nasa," ta ce, "da ciyawa?"

"Har gwiwa."

Makcik ta gyaɗa kai. "Kwana bakwai ban yi barci ba. Na ce in Allah ya kai mu bayan azumi zan zaunar da ɗana in gaya masa. Ya kai ni Klang, ko ina ne, in nemo jinin Jusoh in durƙusa musu, in faɗa da bakina. Ni aka haifa a daren nan, ni ya kamata in kai." Ta shafa murfin gwangwanin. "Yanzu a takarda za su ji, da Turanci, daga bakin baƙo. In na je bayan haka, cewa za su yi an kama mu ne."

"Makcik, har yanzu ba ta fito ba. Za ki iya riga ta."

"In yi tsere da mijinki?" Ta ɗan yi murmushi mara daɗi. "Ƙila ma da ban je ba. Ƙila da na yi shiru kamar ubana, ai jininsa ne. Abin da nake so in sani ke nan game da kaina kafin in mutu. Kin ɗauke min."

Walida ta sunkuyar da kai.

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Sanda kika mayar masa da wayar, don Jusoh kika yi, ko don mijinki?"

Da ta ce don Jusoh, da tsohuwar ta yarda, ko ta yi kamar ta yarda. Walida ta buɗe baki, ta ji wannan karon kai ya riga shi, kuma babu abin da ya kawo.

"Ban sani ba, Makcik."

"Ubana ma bai sani ba," in ji tsohuwar. "Shi dai a kan mace mai naƙuda ya bar fitilarsa. Tashi ki je, Encik Alkasim zai dawo yana neman abinci."

Ba ta ce 'yata ba.

Takardar ta fito bayan wata biyar, aka yabe ta. An ƙara musu biza, Alkasim ya kare kundinsa da gyara kaɗan. Wata jarida ta ɗauki labarin da hoton hasumiyar, aka ce ana shawarar sauya allon. Ko jikan Jusoh ya gani, ko ya je ya share ciyawar, Walida ba ta taɓa ji ba. A shafin godiya na kundin akwai layi ɗaya a kanta, inda aka gode mata da haƙurin da ta yi. Ta dafa shinkafa ta mutum goma ta kai masallacin unguwa don kaffarar rantsuwa, limamin ya sa mata albarka bai tambayi dalili ba.

Amma duk wannan daga baya ne. A ranar Talatar nan, kafin magariba, aka ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu a hankali. Da Walida ta buɗe babu kowa a baranda, ƙofar da ke kallon tasu tana rufe. Kwanon yana ajiye a ƙasa. An wanke shi, an goge shi ya bushe. Ta ɗaga shi ta karkata wajen haske, ta sa yatsa ta shafa cikinsa har gindi, ko za ta ji ƙwayar sukari.